Sarƙar Kuramochi da Gangar Mai Kifi

Na dawo garinmu Amagasaki daga karatu a Amurka ina da yaƙinin cewa ƙwallon Amurka ba ya ƙetare teku. A garin da na yi jami'a, ranar wasa hatta mai aski rufe shago yake yi. Tsofaffin mata su saka rigar ƙungiya, a cika bakin fili tun hantsi ana gashin nama a bayan motoci. Na ɗauka wasan irin shukar nan ce da ba ta kama ƙasar da ba tata ba. Idan na ji ana cewa masu kallonsa suna ƙaruwa a ƙasashen waje, sai in tambayi kaina, su wa ke nan, kuma a ina suke zaune? A unguwarmu dai besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, shi ne abin hira a jirgin ƙasa da gidan wanka, ban taɓa jin wani ya ɗaga murya a kan ƙwallon da ya yi kama da ƙwai ba.

Tayar kekena ce ta kai ni wurin Kuramochi Sadao. Shagonsa yana ƙarshen rufaffiyar kasuwar unguwa, jikin rumfar mai kifi. Tun ina yarinya shi yake yi mini faci, kuma duk yaran layin Kawu muke ce masa. Wata Litinin ce da safe a watan Fabrairu, na tarar ya sauke ƙofar ƙarfe rabi, ya jera kujeru gaban talabijin. Mutum ɗaya ce a zaune, matarsa Fumie, tana ɓare lemo. Shi kuwa yana tsaye, yana kai-komo da sifana a hannu.

"Ga 'yar Amurka," in ji shi. "Jingine keken, yau babu faci sai an tashi wasa. Zauna, akwai kujera."

"Kujera kam akwai," in ji Fumie ba tare da ta ɗago ba. "Kowace shekara sai ya ƙara ɗaya. Mutanen ne dai labari bai kai musu ba."

Wasan ƙarshe na Amurka ake nunawa, wanda a can yake faɗowa yammacin Lahadi, a nan kuma safiyar Litinin, lokacin da kowa yake wurin aiki. Na zauna na karɓi ɓarin lemo. Har aka tashi ban ga Kawu ya ɗora jikinsa a kujera ba. Kuma na lura ba mai gudu da ƙwallo yake kallo ba. Idonsa yana gefen fili, kan wasu mutane da suke riƙe da sanduna biyu da sarƙa a tsakaninsu.

"Dubi wancan," in ji shi. "Ya bar sarƙa tana jan ƙasa. A gaban duniya."

A ranar na san cewa mai facin kekena ya shafe kusan duk girmansa yana riƙe irin wannan sandar. Yana saurayi ya shiga wata masana'antar waya da ke bakin teku, wadda take da ƙungiyar ƙwallon Amurka saboda manajanta ya taɓa bugawa a jami'a. An ga faɗin kafaɗarsa aka ce ya zo. Kakar wasa ɗaya ya buga, gwiwarsa ta hagu ta goce. Da ya warke ya ci gaba da zuwa fili yana tsaye kamar mai jiran bas, har wata rana aka rasa mutum ɗaya, aka miƙa masa sanda. Daga baya masana'antar ta rufe, shi ya buɗe shagon keke, ƙungiyar kuma ta ƙi mutuwa. Ta koma ta 'yan unguwa: direbobi, masu gini, malamin firamare ɗaya. Suka sa mata suna Zalɓe, saboda tsuntsayen nan da ke tsayawa a ruwan kogin Muko, su ne kaɗai 'yan kallon da ba sa fashi.

Aikin sarƙa ba shi da wuyar faɗa. Ƙungiyar da ke da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma. In ta ci, a ba ta wasu huɗu, in ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Tsawon sarƙar yadi goma ne cif, ita ce shaida. Mai riƙe ta ba ya saka rigar kowa, ba ya tafi, ba ya ba da shawara. Kawu, wanda ba ya iya cin shinkafa a zaune, a nan ne kaɗai yake tsayawa wuri ɗaya.

Da kaka ta zagayo na fara bin sa fili ranar Lahadi. Filin yana kan tudun bakin kogi, ga benaye na siminti a gefe ɗaya inda mutum ɗari biyu za su iya zama. Nakan tarar da Fumie da tulun shayi, da matan 'yan wasa biyu ko uku suna duba waya, da wani dattijo da karensa ya tsaya hutawa. Shakkata sai ta ƙara zama daram. Ga wasa ana yi da gaske, ana karo har sai ka ji ƙarar hular kwano a haƙoranka, amma babu mai gani.

Ana cikin haka ofishin da ke rabon filaye ya aiko da magana. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa sun yi yawa, suna neman Lahadi. Za a turo ma'aikaciya ta kalli wasan ƙarshe na kaka, ta ga ko mutanen unguwa suna da wata hulɗa da abin. In babu, a ba wasu filin. Babu wani fili a kusa da yake ɗaukar wasan, kuma kowa ya san ranar da Zalɓe ta rasa bakin kogi, ranar ta watse.

Kawu ya daina barci sosai, in ji Fumie. Ya riƙa ɗaura wa kowane keke da ya gyara 'yar takardar gayyata a kan hannu. Ya bi gidan wanka, ya bi masu wasan dara a bakin wurin ibada. Kowa ya sunkuya ya ce zai duba, wanda a garinmu ma'anarsa ba zai zo ba. Wata rana na tarar ya ɗaura wa keken wata mata tayar baya a gaba.

Ƙarshe ya haɗiye girman kai ya tafi wurin maƙwabcinsa, Tonomura mai kifi. Tare suka yi firamare, kuma tun lokacin suke gardama. Tonomura shi ne shugaban masu kiɗa na kasuwa, waɗanda ke bin ƙungiyar besbol ta unguwa da ganga da ƙaho da tutoci. In ya ce a fito, rabin kasuwa take fitowa.

"Sada-yan, me zan kalla a can?" in ji Tonomura, wanda haka yake kiran Kawu tun suna yara, yana fere kifi. "Ƙarti su taru su yi ƙus-ƙus, su faɗa kan juna, su tashi su sake taruwa. Ko taron masu unguwa ya fi wannan motsi."

"Ban ce ka kalla ba. Cewa na yi ka zo."

"Da ganga?"

"Da duk abin da kake da shi. Ku yi yadda kuka saba."

"Birkin kekena na kai kifi yana kuka."

"Kawo shi."

"Na matata ma."

"Kawo na kakarka ma in tana da shi."

Ranar wasa gari ya waye da sanyi da rana mai haske. Baƙin 'yan wasa daga garin Himeji suka zo, sun taso tun asuba. Kafin a busa usur sai ga kasuwa ta hauro kan tudu: mai tofu, wato awara, masu wanki, 'yan mata daga shagon burodi, tsofaffi da tabarmi da curin shinkafa. Tonomura yana gaba da ɗaurin kai, mutum biyu suna ɗauke masa babbar ganga. Benaye suka cika har wasu suka zauna a ciyawa. 'Yan wasan Zalɓe suka jeru suka sunkuya musu, wasunsu suna ta waige kamar sun ɓata hanya. A can ƙarshen bene ma'aikaciyar ofis, Hagiwara-san, ta zauna da jakarta a cinya. Kawu ya ɗauki sandarsa.

Zalɓe ce ta fara karɓar ƙwallo. Mai jifan ƙwallonsu, Uegaki, direban bas ne. Kafin kowane hari shi yake sunkuyawa bayan layin mutanensa ya kira lambobi da ƙarfi, kuma a kan muryarsa kowa yake zabura lokaci ɗaya. Wanda ya riga motsawa, a mayar da ƙungiya baya yadi biyar. Shi ya sa a Amurka, in naku ne da ƙwallo, fili yakan yi tsit, sai ƙwallo ya koma hannun baƙi a ɓarke da ihu don kada su ji juna. A besbol ɗinmu kuwa akasin haka ne. In naku ne ke bugu, ku yi musu kiɗa da waƙa ba tsayawa. In na baƙi ne, ku zauna ku yi shiru, ku bar nasu su yi musu. A filin da zalɓe kaɗai ke kallo, babu wanda ya taɓa buƙatar tuna wannan.

Uegaki ya sunkuya, ya buɗe baki, Tonomura ya sauke sanda a kan ganga. Ƙahoni suka ɗauka, kasuwa gaba ɗaya ta kama waƙa da sunan Uegaki. Ina ganin bakinsa yana motsi, ba na jin komai. Mutum biyu a layi suka zabura, sauran suna tsugune. Alƙali ya jefa ƙyalle, aka koma baya. Aka sake, aka sake komawa baya. Masu kiɗa suka ga nasu suna cikin wahala, suka ƙara ƙarfi. Da ƙwallo ya koma hannun 'yan Himeji, Tonomura ya ɗaga hannu, kowa ya zauna, aka buɗe curin shinkafa. Mai jifan baƙi ya kira lambobinsa a cikin shirun da har kukan jirgin ƙasa a kan gada ana ji, suka tafi abinsu suka ci.

Kawu yana bin su da sanda, gaba in baƙi ne, baya in nasa ne. Ƙafarsa mai lafiya ce kawai take dukan ƙasa.

Hagiwara-san ta matso kusa da ni. "Gafara dai, an ce kin zauna a can. Ja da bayan nan dabara ce?"

Na ce mata ba dabara ba ce.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Kawu ya kwantar da sanda ya hau bene da ɗingishinsa, Uegaki yana biye da shi da hula a hannu, muryarsa ta dishe. Kawu ya yi wa Tonomura bayani a gurguje: a yi shiru in Zalɓe ce da ƙwallo, a yi kiɗa in baƙi ne.

Tonomura ya kalle shi kamar ya kawo masa ruɓaɓɓen kifi. "Wato mu yi wa namu shiru, mu yi wa baƙi ihu a ka? Mutane sun baro gidajensu tun duhu, mu hana su jin junansu? Sada-yan, wasan nan naka wa ya yi masa tarbiyya?" Ya juyo gare ni. "Ke, haka ake yi a can?"

"Haka ake yi, Baba."

"Shi ya sa."

"Rabin lokaci kawai," in ji Kawu.

"Ko minti ɗaya. Ban taɓa buga ganga don wani ya yi kuskure ba, ba zan fara da furfura ba. In ba a son kiɗa, mu naɗe tabarmi. Ni ina da kifi a ƙanƙara."

Waɗanda ke kusa sun ji. Wata mata ta fara rufe kwanonta, mai tofu ya miƙe yana kaɗe wando. Kawu ya dubi 'yan wasa, sun zube a ciyawa suna haki. Ya dubi ƙarshen bene, inda Hagiwara-san take kallon masu tashi. Ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ku buga," in ji shi. "Yadda kuka saba."

"Kawu, ba sa ji na fa," in ji Uegaki.

"Ni mai sarƙa ne, ba ni da baki a wasa." Ya juya ya gangara.

Uegaki ya tsaya yana kallon gangar. Can ya ce, "Baba Tonomura, bugun nan naka, uku sannan ka ɗan tsaya, yana canzawa?"

"Bas ɗinka ne ke latti, yaro. Gangata ba ta yi."

Da aka dawo, Uegaki bai ƙara buɗe baki ba. Ya sunkuya, ya jira, a bugu na uku layin Zalɓe gaba ɗaya ya zabura kamar mutum ɗaya. Suka ci yadi goma, suka ƙara goma. Kawu ya fara gudu gaba da sandarsa, gwiwa tana jefa shi gefe. Da suka kai ƙwallo ƙarshen fili, mutanen kasuwa ba su gane an ci ba sai da Fumie ta miƙe ta ɗaga hannu biyu sama, sannan wurin ya kaure. 'Yan Himeji ba wawaye ba ne. Bayan wani lokaci su ma suka gane bugu na uku, suka riƙa zabura tare da shi. Wasa ya zama ja-in-ja, kuma na lura an daina cin shinkafa. Mai tofu yana tambayar na kusa da shi saura dama nawa.

Dab da tashi Zalɓe tana baya da kaɗan, ƙwallo a hannunta, dama ta huɗu. Malamin firamare ya rungumi ƙwallo ya kutsa, aka taru a kansa. Da aka ɗaga mutane, ƙwallon yana kwance daidai wurin da ido ba zai iya yanke hukunci ba. Alƙali ya yafito masu sarƙa. A manyan wasanni alƙali ne ke karɓar sandar gaba ya ja da kansa, amma a bakin kogi alƙalan ba su cika ba, Kawu ne ke ja.

Ya shigo fili da ɗingishi. Ganga ta tsaya da kanta. Aka dasa sandar baya, ya ja tasa. Sarƙar tana da ɗan lanƙwasa a tsakiya, kuma a haka kan ƙwallon ya taɓa sanda.

"Sada-yan, ya isa haka," Tonomura ya kira daga bene. "Sassauta hannu mana, ba birki ba ne."

Kawu ya ƙara ja har sarƙar ta miƙe ta bar ciyawa. Tsakanin ƙwallo da sanda sai ga tazarar da yatsa zai shiga. Alƙali ya nuna ɓangaren Himeji, ƙwallo da wasa sun zama nasu. Wata ƙara ta fito daga benaye wadda ba waƙa ba ce, ba kuma wanda ya ba da umarninta. Mata suna cewa a sake aunawa, mai tofu ya jefar da hularsa. Kawu ya naɗe sarƙarsa bai kalli kowa ba. Da aka tashi, ƙungiyoyin biyu suka jeru suka sunkuya wa bene, Tonomura ya sa aka yi wa baƙi kiɗan sallama, fuskarsa a murtuke.

Bayan sati biyu Hagiwara-san ta biyo ta shago da kanta. An bar wa Zalɓe filin na shekara guda, amma Lahadi ɗaya nasu, ɗaya ta masu ƙwallon ƙafa. Sannan gidajen tsallaken kogi sun yi ƙorafi, a rage ƙaho. Kawu ya sunkuya ya yi godiya. Tana fita ya hau zagaye shago yana lissafin yadda rabin Lahadi zai ishi kaka guda, da wanda zai roƙa a Nishinomiya, garin da ke maƙwabtaka da mu, ya ara musu fili, da abin da zai faru in shekarar ta cika.

"Zauna ka sha shayi," in ji Fumie. "An ba ka, kana neman abin damuwa."

"Rabi aka ba ni."

"Da rabin gwiwa ka yi shekara nawa?"

Bai zauna ba. Ya ɗauko kekena ya juya shi, ya hau murza feda yana sauraren sarƙar. Ni kuma shakkar da nake da ita tun farko tana nan tana cin raina. Na ga bene a cike, amma na san birki ne ya kawo Tonomura, Tonomura kuma ya kawo sauran. Na ce, "Kawu, tsakani da Allah, cikin mutanen nan akwai wanda wasan ya shiga ransa, ko kunyarka kawai suka ji?"

Ya tsayar da taya da tafin hannu, ya nuna bangon da ya raba shi da rumfar kifi.

"Ban sani ba," in ji shi. "Amma wancan tun ranar kullum sai ya shigo da keke lafiyayye, ya ce ƙwallon ya kai, ni na ja sarƙa fiye da kima. Jiya da igiyar awo ya zo. Ya ce in ajiye masa kujera a Fabrairu, zai ga yadda masu hankali suke ja."